Waƙar da Aka Yi wa Mijina

A shekarar da ruwa ya yi ƙarfi har ya cinye gonakin geron da ke bakin fadama, ina da damina biyu a ɗakin miji. Ƙauyenmu yana can cikin ruwa tsakanin Haɗeja da Kirikasamma, irin ƙauyukan nan da idan kogi ya kawo ba ka fita sai a kwalekwale ko a kan gora. Maigidana masunci ne kamar mahaifinsa, kuma bahago ne. Duk yankin da haka aka san shi, domin idan masunta suka jeru suna jefa birgi, ragar kowa ta dama take buɗewa, tasa ta hagu. A gidan mu uku ne: ni da shi da mahaifiyarsa, wadda kowa a ƙauyen ke kira Inna. Shi kaɗai ya rage mata cikin 'ya'yan da ta haifa.

Lokacin yaƙin Turawa ne. Mu dai ba mu san wa ke yaƙar wa ba. Abin da muka sani shi ne gishiri ya yi wuya, yadi ya ɓace a kasuwa, kuma ana ɗiban maza a zuba su a jirgin ƙasa a kai su haƙar kuza can ƙasar duwatsu. Kowane ƙauye sai a ce ya kawo nasa. Cikin waɗanda aka ɗiba da farko a wajenmu akwai wanda bai dawo ba, akwai kuma maƙwabcinmu da ya dawo da tarin da muke ji ta bayan danga tun safe har yamma. Shi ya ba maigidana labarin sanyin wurin, da yadda ake kwana a ƙasa ba mayafi, da yadda idan mutum ya mutu ba a ko jiran 'yan garinsu kafin a rufe shi.

Da aka zo ɗiba na gaba, bulama ya aiko cewa maigidana ya shirya. Yana zaune yana gyaran raga aka faɗa masa. Ya ce ya ji. Da ɗan aiken ya fita, Inna ta zauna daɓas a bakin murhu, ta ce, "Ba za ka ba."

"Inna, in ban je ba ina zan shiga?"

"Ruwan nan duk ubanka ya nuna maka shi. Ka shiga cikinsa."

Akwai wani ɗan tudu mai gorubai can bayan dajin ciyawar burgu, gabas da mashayar da Fulani ke kawo shanu da rani. Da damina ciyawa ke rufe hanyarsa, kwalekwale ba ya ratsawa sai gora. Nan ya tafi washegari da hantsi, kamar mai zuwa duba ƙugiyoyinsa, da tabarma naɗe cikin raga. Ni aka bar wa kai masa abinci. Matan ƙauyenmu duk suna shiga ruwa tsinkar bado a wannan lokacin, kowace ta kifa cikinta a kan gora tana tura ƙwarya a gabanta, don haka ba wanda zai yi mamakin ganina. Sai in sa tuwo ko dambu a gindin ƙwarya, in rufe da ganye da ragowar badon jiya, in bi mata har su rarrabu, sannan in sulale cikin burgu.

'Yan doka biyu suka zo daga baya. Inna ta ce musu ɗanta ya tafi Nguru da bandar kifi tun kafin saƙon bulama ya iso. Suka bincike ɗakuna, suka leƙa rumbu, suka zage ta, suka tafi. Amma ba su bar yankin ba. Duk ranar kasuwa sai ka gan su da jajayen huluna suna yawo tsakanin rumfuna. Bulama kuwa dole ya cika adadin da aka ce masa, sai ya bayar da ɗan wata mai daddawa da ke zaune kusa da masallaci, saurayi ne ko aure bai yi ba. Da aka wuce da shi ta bakin kogi uwarsa ba ta yi kuka ba. Tsayawa kawai ta yi da hannu a ƙugu har kwalekwalen ya sha kwana.

Mun kai kusan wata a haka, har na fara samun barci, sai waƙar ta fito.

Ranar kasuwarmu ce, bayan la'asar. Ina zaune gaban faifan kifina sai na ji kukuma daga wajen gindin tsamiya. Wani makaɗi ne da ke bin kasuwanni, dattijo mai ɗan ɗingishi, wanda a da yakan sauka a gidanmu lokacin mahaifin maigidana na da rai. Sabon kiɗa ya ɗauko, mai daɗi ƙwarai, irin wanda ƙafarka ke amsawa kafin ka yi shawara da ita. Ni ma na fara kaɗa kai ina korar ƙuda. 'Yan mata suka bar tallarsu suka yi da'ira. Sai ya buɗe baki:

Bahago ya ƙi jirgin ƙasa,
Ya hau gora ya bar musu gari.
Tudun goruba, bayan burgu,
Gabas da mashayar shanu ya sauka.
Mai tsinkar bado, ɗaga ƙwaryarki,
Tuwo ne a ƙasa, ba bado ba.
Juya gora, juya,
Juya gora, ruwa ya kawo.

Na ji kamar an tuɓe min zane a tsakiyar kasuwa. Na sunkuyar da kai ina jiran in ji shiru ya sauka, kowa ya juyo ya kalle ni. Da na ɗago, 'yan dokan nan biyu suna tsaye a gaba-gaba, kusa da makaɗin har inuwarsu na taɓa shi. Dogon cikinsu yana buga sandarsa a ƙasa daidai da kiɗan. Makaɗin ya sake maimaita baitin, a hankali ma wannan karon, kalma bayan kalma. Dogon ya yi dariya, ya matsa ya liƙa masa kuɗi a goshi. 'Yan mata suka ɗauki amshi, juya gora, juya, ƙura ta tashi.

Ban san yadda na tattara kifin ba. Na tuna wata mata tana riƙe da hannuna tana tambayar ko ba ni da lafiya ne, domin gumi ya jiƙa min wuya. A hanya ina tafe ina waiwaye. Babu wanda ya biyo ni.

Inna ta saurare ni har na gama. Ta ɗauki mayafinta ta ce in wuce mu je. Muka sami makaɗin a zauren da yake sauka, rana ba ta faɗi ba tukuna, yana shan fura. Da ya ga Inna ya miƙe da fara'a zai gaishe ta. Ba ta amsa ba.

"Me muka yi maka?" ta ce. "Gishirin gidana nawa ka ci?"

"Subhanallahi. Inna, me ya faru?"

"Ka tsaya gaban 'yan doka ka zana musu hanyar da za su bi su kamo min ɗa, kana tambayata me ya faru?"

Sai ya fahimta. Ya ajiye ludayi, kuma wallahi dariya ya yi, ba ta mugunta ba, irin wadda babba ke yi wa yaron da ya tsorata da inuwarsa. Ya ce wata rana ana haye da shi ta bakin burgu ya hango ni ina shiga inda ba bado, ya kuma ga ɗan hayaƙi a tudun, sai ya gane. Abin ya burge shi, ya ce, ɗan abokinsa ya ƙi a kora shi kamar akuya. Yabo ya yi masa.

"Inna, kwantar da hankalinki. Tun ina saurayi nake wannan sana'a. Na taɓa tsayawa gaban wani mai sarauta na lissafa yadda yake cin hatsin marayu, baiti bayan baiti, yana gyaɗa kai yana murmushi. Da na gama ya tuɓe rigarsa ya ba ni. Ba wanda ke sauraron abin da muke faɗa. Kiɗan suke so."

Na kasa yin shiru, duk da ba ni aka yi wa magana ba. Na ce, "Baba, to me ya sa sai ka sa tudun? Me ya sa ka sa ƙwaryata?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. "'Yata, shi ya hau kan kiɗan. Na gwada wani wurin bai zauna ba."

Inna ta sa shi ya rantse ba zai ƙara rera ta ba, ya rantse, kuma ina jin ya cika alkawari. Amma muna fitowa daga zauren muka ci karo da yara mata uku za su ɗebo ruwa, tuluna a ka, suna tafe suna rausaya, suna yin ta tun daga bahago har zuwa ruwa ya kawo. Inna ta dafa bango.

Kafin kasuwa ta zagayo babu inda waƙar ba ta shiga ba. Da ita ake daka, da ita ake tuƙa kwalekwale, da ita ake lallashin jarirai. 'Yan mata sun yi mata rawa ta musamman, a durƙusa kamar an hau gora a juya ƙugu. Fatake suka ce sun ji ta a Auyo, sun ji ta a Birniwa. Wani ma ya ce a tashar jirgi ya ji mazan da aka ɗibo suna yin ta suna tafi kafin a zuba su a taragu. Ban san ko gaskiya ne ba, amma na yarda, don na ga abin da ya fi wannan.

Ina da ƙawa, tare muka taso, gidanta na kallon namu. Ta san mijina bahago ne, ta sha tsokanarsa a kan haka. Tare muke shiga bado. Wata rana muna daka a turmi ɗaya tana ta rera ta a saitin fuskata, har na ji idan ban yi magana ba zan faɗi. Na ce, "Wai ke, me waƙar nan take cewa?"

"Wace?"

"Wadda ke bakinki."

Ta tsayar da taɓarya. "Gora mana. Juya gora."

"Kafin nan fa?"

Ta ɗaga kai sama tana tunani, ta sake rerawa daga farko, ba ta ɓata ko kalma ɗaya ba, idonta cikin nawa. Ina jiran in ga lokacin da fuskarta za ta canza. Ta kai ƙarshe, ta taɓe baki. "Oho. Shirmen makaɗa ne. Ke dai ji yadda take hawa daka." Ta ci gaba da dakanta.

Da wani ne ya ba ni wannan labarin da na ce hankalina zai kwanta daga nan. Bai kwanta ba. Abin da na gani shi ne maganar tana zaune a bakin kowa, cikakkiya, ba abin da ya rage sai mutum ɗaya ya yi shiru ya ji abin da harshensa ke faɗa. Duk wanda ya tsaya a tsakiyar waƙar don ya yi tari ko ya gyara kaya, sai in ce shi ke nan, ya gane. Na daina cin abinci sosai. Na daina zuwa biki. Idan na shiga ruwa sai in ga kamar duk matan sun zuba wa ƙwaryata ido, alhali su suna can suna juya gora suna shewa.

Na jima ban gaya wa maigidana ba. Halin da yake ciki ya ishe shi. Sauro ya cinye masa fuska da hannuwa, zazzaɓi na zuwa yana tafiya, tsakanin yatsun ƙafarsa duk ya farfashe saboda laima. Bukkar da ya yi da kaba ba ta fi a kwanta a ciki ba. Rannan na iske shi zaune a jikin goruba yana kaɗa kai, yana bin kiɗan da hanci.

Na ce, "A ina ka ji wannan?"

"Masu kwalekwale ne ke wucewa can nesa suna yi. Iska ke kawo min. Sabuwa ce? Tana da daɗi."

"Ka ji abin da suke cewa?"

"Daga nan? Amshin kawai nake tsinta."

Na zauna a gabansa na faɗa masa baitin da baki, ba rerawa, kamar mai ba da saƙo. Bahago ya ƙi jirgin ƙasa. Ya ɗan yi murmushi. Tudun goruba, bayan burgu. Murmushin ya tafi. Da na kai kan ƙwarya ya kalli ƙwaryar da ke gefena, ya kalli ruwan da ya kewaye mu, ya tashi tsaye ya sake zama.

"Su wa suka ji?"

"Kowa."

"'Yan doka?"

"Su suka fara yi wa makaɗin liƙi."

Sannan ya ce bari ya koma wani wurin. Muka yi ta lissafa tudunan da ya sani, kowanne ko ruwa ya shanye shi ko masunta na sauka a kai. Babu inda za shi. Ranar bai taɓa tuwon ba har na tafi. Daga ranar kuma ya daina hura wuta, yana cin abin da na kawo da sanyinsa.

Ranar da ban manta ba ita ce ta zuwan dogon ɗan dokan nan gidanmu shi kaɗai. Da hantsi ne, na riga na shirya. Gorata na jingine a zaure, ƙwaryar na gefenta da dambu a ciki, na rufe da ganye da ɗan bado a sama. Na koma ciki ɗauko ɗankwali ke nan na ji sallamarsa. Inna ta fita. Ya zauna a dakalin zaure, ya miƙe ƙafafu, ƙafarsa ta dama har tana taɓa ƙwaryar.

"Tsohuwa, har yanzu ɗan naki bai dawo daga Nguru ba?"

"Bai dawo ba, ranka ya daɗe."

"Wane irin kifi ne wannan da ba ya ƙarewa? A ba ni ruwa."

Ni na kawo masa. Ya karɓa ya sha, ya ajiye, sai idonsa ya faɗa kan gorar. Ya jawo ta tsakanin gwiwoyinsa, ya ƙwanƙwasa, ya ji tana da amo. Ya fara kaɗa ta da yatsu. Ya fara da hanci, sannan ya buɗe murya, kuma yana da murya, Allah ya ba shi. A cikin zaurenmu, gaban uwar bahago da matar bahago, ya rera ta tun daga farko. Da ya zo kan mai tsinkar bado ya nuna ni da haɓa yana dariya, kamar yadda ake yi wa yarinya wasa. Ɗaga ƙwaryarki, in ji shi. Tuwo ne a ƙasa.

Na ji fitsari na neman kufce min. Inna kuwa ta zuba wa ƙasa ido, leɓenta na motsi.

Ya gama, ya buga gorar bugun ƙarshe. Ya sunkuya ya ɗauki bado ɗaya daga saman ƙwaryar, ya ɓare ya watsa 'ya'yan a baki. Ina ganin gefen dambun ya leƙo ta inda ya ɗauka.

"Ke ce matar?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"In ya aiko, ki ce masa gara ya kawo kansa. In mu muka kamo shi ba zai ji da daɗi ba." Ya miƙe, ya karkaɗe wando. "Wannan badon ya kwana. Ki je ki samo sabo."

Ya fita yana juya gora, juya, muna jin muryarsa har ya kai bakin masallaci. Ni da Inna ba wanda ya motsa. Can ta ce, "Ɗauki ki tafi, yana jin yunwa." Na sunkuya zan ɗauka. Sai ta dube ni, ta kama ni ta zaunar, ta shafa min ruwa a fuska.

Mutum ɗaya ne ya ji waƙar a duk ƙauyen, kuma ba wanda nake tsammani ba. Mai daddawar nan ce, wadda aka tafi da ɗanta. Tun tafiyarsa ba ta shiga mutane, ba ta rawa ba ta waƙa, tana zaune a ƙofar gida tana sauraron duk abin da ya wuce ko za ta ji labarin masu haƙar kuza. Na lura ta fara zuwa bakin ruwa lokacin da muke shiga, ta tsaya nesa ba ta wanki ba ta ɗiba. Kwana da kwanaki tana haka. Rannan na makara, sauran mata sun yi gaba, ina ɗaura zane sai na ji ta a bayana.

"Mai tsinkar bado."

Na juyo. Na durƙusa na gaishe ta. Ta sa ƙafa ta ture ganyen da ke saman ƙwaryar. Ta daɗe tana kallon abin da ke ciki.

"Su ba sa ji," ta ce. "Ni ina ji. Tun ranar farko na ji."

Na kama ƙafarta. Ban san abin da na riƙa faɗa ba, Allah da Annabi dai nake haɗa ta da su. Ta janye ƙafar.

"Tashi. Kin san sau nawa na kai ƙofar bulama na dawo? Jiya ma sai da na yi sallama. Da ya fito na ce daddawa na kawo wa matarsa." Muryarta ba ta tashi ba, kuma da ta yi ihu da ya fi min sauƙi. "Na yi ta tunani. In na faɗa, za su dawo min da nawa? Ba za su dawo da shi ba. Su haɗa biyu su riƙe. To amma kada ki ɗauka na yafe. Kuma ban ce gobe ba zan faɗa ba."

Ta juya ta tafi. Na rufe ƙwaryar na shiga ruwa, domin ba ni da wani abin yi.

Daga ranar tsorona ya koma ƙofar gidanta. Kowace safiya sai na leƙa ta danga in ga ko tana zaune. In tana nan, na samu wannan yinin. In ba ta nan, sai in bi gari da ido har in hango ta. Inna ta so ta je ta same ta, ta shirya har da goro, sai ta tsaya a zaure ta dawo. Ta ce, "Me zan ce mata?"

Ana haka ruwa ya fara ja da baya. Burgu ya kwanta, tabo ya fara tsagewa, aka ce Fulani sun kusa dawowa mashaya. Nan da ɗan lokaci doki zai iya taka tudun. Inna tana da dangi cikin Barebarin da ke fataucin bandar kifi zuwa gabas, sai ta aika musu da baki. Suka yarda su bi ta bayan mashayar su ɗauke shi. Rana tsaka suka wuce ta gefen ƙauyenmu, jere da jakuna, shi yana tsakiyarsu da kwando a ka, ya ja rawani ya rufe fuska. Ina bakin kogi ina wanki tare da mata. Na gane shi da tafiyarsa, yana taka ƙafafun nan da suka lalace kamar mai tafiya a kan ƙaya. Bai juyo ba, ni ma ban miƙe ba. Matan na yin waƙar suna buga kaya a kan itace, sai dai a lokacin ta fara lalacewa a bakinsu, tudun goruba ya koma tulin goriba, wasu ma sun sa sunan samarinsu a wurin bahago. Na ci gaba da cuɗa zanen da ke hannuna har jakin ƙarshe ya shige. A lokacin ina da ƙaramin ciki, na gaya masa a zuwana na ƙarshe.

Ɗan mai daddawa ya dawo cikin sanyin wannan shekarar. Ya rame har sai da ya yi magana aka gane shi, amma ya rayu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Maigidana kuwa sai da aka daina ɗiban gaba ɗaya ya dawo daga wajen tafkin Chadi, ya tarar da 'yarsa tana tafiya, tana gudunsa. Ba wanda ya tuhume shi da komai. 'Yan dokan an daɗe da mai da su wani wuri.

Mai daddawa ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ba ta kuma ƙara yi min magana ba har ta bar duniya. In mun haɗu a hanya in gaishe ta, ta wuce. Amma da na haihu, ana cikin zaman barka, ɗaki cike da mata, sai ga ta ta shigo. Ta zauna kusa da Inna, ta miƙa hannu, Inna ta ɗora mata jaririyar. Ta buɗe zanen ta duba fuskar, ta duba 'yan hannuwan, ta yi mata addu'a ƙasa-ƙasa. Ta ce wa Inna, "Allah ya raya." Inna ta ce amin. Ta ajiye ƙullin daddawa a gefen gado ta fita.